Majigi a Likkafanin Iya

A ɗakin kakata, Iya Kulu, akwai wani wuri a jikin bango da ba a yarda kowa ya jingina da shi ba. Faɗinsa bai fi buzun sallah ba. Duk shekara in ruwa ya ɗauke sai ta kora mu bakin gulbi mu haƙo farar ƙasa, ta jiƙa a tsohuwar ƙwarya, ta shafe wurin da tsumma har sai ya yi fari fat. Sauran ɗakin kuwa ta bar wa hayaƙi, ya yi baƙi ƙirin tun daga ƙasa har jinka. Baƙo in ya shigo yakan zaci aiki aka fara aka gaji. Mu jikoki mun san ba haka ba ne, nan ne tatsuniya take sauka.

A Bungudu muke, a shekarun da ake ta zancen hanyar jirgi ta kusa isowa Gusau, ba kuwa wanda ya taɓa ganin jirgin a cikinmu. Ni a lokacin ban isa ɗaukar tulu cike ba. Gidanmu gidan noma ne, dawa da gero da 'yar auduga, da awaki waɗanda ba sa jin magana. In an ci tuwo an yi lisha sai mu tattaru a ɗakin Iya, mu na gida da 'ya'yan maƙwabta, kowa ya ja zane ya rufe gwiwa. Wuta tana tsakar ɗaki, ta kara da 'yan itatuwa, amma wannan ta jin ɗumi ce, kuma Iya ba ta farawa sai ta lafa ta zama garwashi. Wutar aiki daban take, wata 'yar fitilar ƙasa mai man gyaɗa da take ɗorawa a kan kifaffiyar tukunya. Sai ta zauna tsakanin fitilar da farin bango, ta ba mu rabin baya, ta ɗaga hannu.

Hannun Iya ba abin nunawa ba ne da rana. Kaɗi ya tanƙware mata yatsu, alli ya busar da su. Amma in ta sa su gaban fitila sai ka ga zomo yana karkaɗa kunne, ko kura ta wage baki, ko raƙumi yana tauna abin da ba wanda ya ba shi. Tsofaffin unguwa duk suna tatsuniya, wasu ma sun fi ta baki, gaskiya ce. Ita kaɗai ce dai ake ganin tata da ido.

Kuma ba ko'ina take yarda ta sauke ta ba. Ta ce ta gwada kome kafin ta tsaya a kan farar ƙasa. Tabarma yanka inuwa take yi gunduwa-gunduwa. Baƙin zane haɗiye ta yake. Faifai ya yi kaɗan, kunnen zomo yana faɗawa waje. Da zafi, lokacin da ba a iya zaman ɗaki, ta taɓa gwada gefen rumbu, sai kura ta fito da ƙaton ciki da ɗan mitsitsin kai, yara suka yi ta dariya daidai inda ya kamata su ji tsoro. Ta yi fushi ta hure fitila, kowa ya kama gabansa.

"Inuwa baƙuwa ta, Indo," takan ce mini, "ba ta kwana ko'ina. In ba ki yi mata shimhiɗa hwara ba, wucewa za ta yi."

Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi suke buɗewa. Ita sai ta ce, "Ga inuwa, ga mai ita." Mu kuma mu ce, "Ta hito mu gan ta." In ta gama ta dunƙule hannu ta ce, "Ta koma ga mai ita," shi ke nan, ko za ka yi birgima a ƙasa ba ƙari.

Wadda ta fi yawan yi mana ita ce ta zomo da inuwarsa. Wai zomo ne ya ga duk inda ya laɓe sai shaho ya gano shi, ya yi ta tunani har ya ɗora laifin a kan inuwarsa, ya ce ita ke tona masa asiri. Ya kore ta. Inuwa ta fita neman inda za ta kwanta, don ita ba ta iya tsayuwa da ƙafarta. Ta je wa gulbi, gulbi ya ce bismilla, tana kwantawa ruwa ya kakkarya ta. Ta je wa ciyawa, ciyawa ta tsattsaga ta. Ta je wa dare, dare ya tarbe ta da fara'a, ya buɗe baki zai haɗiye ta, da ƙyar ta sha. A nan Iya takan kawo tafin hannu ɗaya ya rufo ɗayan a hankali, ƙananan cikinmu su cusa kai a cinyar manya.

Daga ƙarshe inuwa ta iso gidan wata tsohuwa da ta shanya farin zanenta, guda ɗaya tak da ta mallaka. Ta yi sallama ta roƙi masauki. Maƙwabta suka leƙo ta kan danga suna cewa kada ta kuskura, wannan baƙar aba za ta ɓata mata zane, ba sabulun da zai fitar. Tsohuwa ta ce baƙo dai ya riga ya yi sallama. Inuwa ta kwanta ta yi barcinta. Da gari ya waye ta tashi, aka duba zane sama da ƙasa, ko ɗigo babu. Ta yi godiya ta tafi. Bayan shekaru tsohuwar ta kama hanya da bazara, rana ta take, ba itace ba bukka, ƙafa ta gaza, ta zauna tana jiran abin da Allah zai yi. Sai ta ji sanyi ya rufe ta. Ta ɗaga kai, ba girgije. Inuwar nan ce ta zo ta tsaya mata har rana ta yi sanyi.

Na taɓa tambayarta yadda aka yi inuwar da ba ta iya tsayuwa ta tsaya wa tsohuwa, da kuma abin da ya sami zomo. Ta ce, "Shaho yac cinye shi, da inuwa da ba inuwa. Ke ko bakinki ya hi ki girma." Ɗaya tambayar ba ta amsa ba.

Iya tana da nata farin. Yana cikin adudu a ƙarshen gadonta, an naɗe shi da kajiji. Likkafaninta ne, ba ta kuma sakaya sunansa. Audugar gonarmu ce, ita ta gurza, ita ta shiɓa, ita ta kaɗa, shekara da shekaru tana ware zaren da ya fi siriri tana ajiyewa. Da ya taru ta aika da shi Tsafe, garin da aka haife ta, wajen wani masaƙi ɗan'uwanta, aka saƙo shi tsiri-tsiri, ta zauna ta harhaɗa da allura. Ya fito shara-shara, in ka ɗaga shi a rana kana ganin yatsunka ta baya. Bayan kowace damina takan fitar da shi ta shanya, ta duba ko wani ƙwaro ya taɓa, ta mayar.

Abin yana da dalili. Tana yarinya, zamanin gudun hari kafin zuwan Nasara, mahaifiyarta ta rasu a hanya cikin duwatsun Tsafe, aka rasa ko ƙyalle, aka naɗe ta da tsohuwar tabarma aka rufe. Iya ta gani da idonta. Sau ɗaya ta ba ni labarin, da rana tsaka, tana kaɗi, ta ƙare da cewa, "Ni dai cikin aikin hannuna za a sa ni. Ban roƙi kowa komi ba sai wanga." Duk gidan an san wannan magana, har mahaifina, wanda muke ce wa Baba, ɗanta ɗaya tilo da ya rage.

Wata shekara da kakar auduga aka yi shela cewa wani mutum zai zo daga Gusau da majigi. Ba wanda ya san ko mene ne majigi, amma hakan bai hana kowa yin bayani ba. Wani ya ce madubi ne da ake ganin matattu, wani ya ce ƙarya ne, dabba ce. Mutumin ya iso da la'asar a bayan jakinsa. Malam Sambo sunansa, ma'aikacin masu sayen auduga, mutum mai sanyin magana. Kayan aikinsa akwatin ƙarfe ne mai fitila a ciki da ido guda, da wasu gilasai masu hoto da ake zura masa ɗaya bayan ɗaya. Filin da ake awon auduga a bayan katangarmu yake, saboda haka a nan ya sauke.

Da ya kwance ƙunshin farin tamfol ɗin da yake haskawa a kai sai ya tsaya yana salati. Ashe a masaukinsa na baya a ƙasa aka ajiye shi, gara ta yi walima. Abin da ta rage masa in ka ɗaga kana hango mutum ta cikinsa. Ga shi gari ya riga ya ji, mutanen ƙauyuka sun fara shigowa da tabarminsu a hammata.

Da magariba ta wuce ya kunna fitila ya fara gwaji, mu yara muna biye da shi duk inda ya juya. Ya haska katangarmu, jar ƙasa ta shanye hoton, sai wani abu dishi-dishi. Aka kai shi gefen rumbu, wani Bature da ke cikin hoton ya fito da ciki irin na kurar Iya. Wani mai hali ya tuɓe farar rigarsa aka baza a kan gwangwala biyu, sai kan Baturen ya faɗa ta wuyan riga ya ɓace, aka bar mu da gangar jiki tana riƙe da sanda. Aka kawo rawani, ga tsawo ba faɗi. Aka ce to a shafa wa katanga farar ƙasa, Malam Sambo ya ce in ba ta bushe ba toka-toka take yi, ba kuwa za ta bushe ba kafin safe, shi kuma da asuba zai wuce. Mutane suka fara gunaguni, wasu suna naɗe tabarma.

Na ruga gida in kai wa Iya rahoto, kamar yadda nake kai mata duk abin da ya faru a waje. Na iske Inna, mahaifiyata, da matan maƙwabta sun taru a gindin katanga daga ciki suna sauraren hayaniya. Su ba za su fita ba. Matar aure ba ta shiga taron maza bayan faɗuwar rana. Ba wanda ya hana su da baki, ba kuma wadda ta tambaya. Tsofaffi da yara ke fita, su dawo su ba su labari, da abin da suka gani da abin da suka ƙara. Inna ta ce mini, "In an samu an yi, ki buɗe ido da kyau, Indo, ki zo ki hwaɗa muna." Da murmushi ta faɗa, amma na ga tana leƙe ta tsagin zana. Damina ce ta kayar da wani yanki na katangar, Baba ya toshe gurbin da zana kafin a samu ginin rani.

Iya ta saurari rahotona har ƙarshe, musamman zancen rumbu, wanda ya yi mata daɗi. Ta dubi zanar, ta dubi matan, ta shiga ɗaki. Da ta fito da adudu a hannu, Gwaggo Tabawa, ƙawarta, wadda ke wankan gawar mata a unguwarmu, ta dafe ƙirji.

"Kulu, mi za ki yi da wanga?"

"Shimhiɗa za ni yi ma baƙo."

Aka kira Baba daga waje. Ya tsuguna a gabanta, ya yi magana ƙasa-ƙasa don kada mata su ji, su kuwa duk sun ji.

"Iya, ki yi haƙuri. Wanga ba abin wasa ba na. Hoton Nasara za a zuba bisa, ga jama'a na kallo. Mi za a ce?"

"Su ce abin da sunka ga dama. Ɗebe zanar ga ka ɗaure shi nan. Maza su gani ta waje, mata su gani ta ciki."

"Ke ai kina iya hita ki gani, in an samu wani abin."

"Ni nac ce maka don ni na?"

Baba bai taɓa yi mata musu ba, bai kuma fara a ranar ba. Ya cire zanar da hannunsa, fuska a murtuke. Malam Sambo da ya taɓa saƙin ya ji ƙamshin kajiji sai ya janye hannu, don shi ma ɗan Musulmi ne, ya san abin da aka miƙa masa. Ya ce, "Inna, kin tabbata?" Ta ce ya dai ja fitilarsa nesa kada ta ƙona mata. Ya gaya mata hoton zai juya wa na ciki, dama ta koma hagu. Ta ce saniya ko gabas ta duba ko yamma saniya ce, ya yi aikinsa.

Na zauna a ciki kusa da Inna, ko da yake ina da damar fita. Da hasken ya faɗa sai farin ya kama gaba ɗaya, ɗinkin Iya ya fito layi-layi siriri, hoton ya kwanta a kai tsaf. Tamfol ɗin da gara ta ci ba zai yi haka ba, don shi kauri ne da shi, fuska ɗaya yake nunawa. Hotunan ba sa motsi, ba irin na yanzu ba ne. Aka nuna gonar auduga, wadda ba ta burge kowa ba. Aka nuna diloli a tsibe. Aka nuna jirgin ƙasa, mata suka ja da baya, wata ta suri ɗanta. Malam Sambo yana bayani daga waje, muryarsa tana tsallako katanga, maza suna kabbara. Sai aka zura wani gilashi, ruwa ya cika farin tun daga wannan gefe har wancan, ba gaɓa ba itace, da wani jirgi a tsakiya. Ya ce wannan ita ce teku. Inna ta riƙe mini hannu har ya yi zafi, ba ta sani ba. Ta ce a hankali, "Ashe ruwa na da yawa haka." Ban taɓa ganin fuskarta a sake irin ta ranar ba, kuma har yau ina jin daɗin tunawa da ita.

Hoton ƙarshe wani dogon ɗaki ne cike da ƙarafa, mazari a jere ba iyaka, ba hannu ko ɗaya a kansu. Malam Sambo ya ce nan ne ake kaɗa audugarmu a ƙasar Turawa. Iya ta matsa har hancinta ya kusa taɓa saƙin, ta daɗe tana dubawa. Ta juyo ta ce, "To su waɗanga, da wa suka hira in suna kaɗi?" Mata suka kwashe da dariya. Daga baya na tambaye ta yadda ta ga majigi, ta ce aikin mutumin yana da kyau, sai dai inuwarsa ba ta motsi.

Da aka tashi ta kwance abinta, ta duba a gaban fitila sama da ƙasa, ta miƙa wa Gwaggo Tabawa ita ma ta duba. Ko ɗigo babu. Ta naɗe ta mayar cikin adudu.

Kafin kasuwa ta zagayo magana ta cika gari. An zuba hoton Nasara a likkafani, an yi dariya a gabansa, wa zai yarda a kai uwarsa kabari cikin abin da aka yi kallo da shi? Wasu suka ce aljanun akwatin sun shige zaren. Masu faɗin haka kuwa su ne suka zauna a sahun gaba ranar majigi, ban manta fuskokinsu ba. Baba ya tambayi liman, liman ya ce shi bai san haske yana da najasa ba, amma in akwai wani farin, barin abin da ake shakka ya fi. Amsa ce da kowa zai iya ɗauka ya kai ta inda yake so. Baba ba mugun mutum ba ne. Kunya yake ji, kuma tsoro yake ji mata, a ganinsa gyara mata yake so ya yi.

Bayan 'yan shekaru Iya ta kwanta. Baba ya tafi Gusau da ƙafa, ya dawo da alawayyo daga wani kanti a Sabon Gari, fari tas mai sulɓi, ya ajiye a ɗakinsa bai ce kome ba. Kafin ya wanke ƙafa labari ya kai wa Iya. Ba ta kira shi ba. A wurinta uwa ba ta roƙon ɗanta abu sau biyu. Amma ta sa an matso da adudun kusa da kanta, tana ɗora hannu a kai in za ta yi barci. Tsoro take ji, wannan tsohuwa da ban taɓa ganin ta ji tsoron kome ba, ni kuwa tausayinta ya cika ni har na rasa inda zan sa kaina.

Wata rana bayan lisha ta ce a kunna mata fitila. Bangon bai samu farar ƙasa ba a shekarar, ya dushe. Hannunta yana rawa, zomo ya fito kamar mai jin sanyi. Ba mu kaɗai ba ne, Inna da Gwaggo Tabawa da wasu matan maƙwabta suna tsaye a bakin ƙofa, sun zo duba jikinta. Ta bi gulbi, ta bi ciyawa, ta bi dare. Da ta kawo inda maƙwabta suke leƙowa ta kan danga suna cewa zane zai ɓaci, sai ta sauke hannu. Ba mu ta kalla ba, bakin ƙofa ta kalla.

"Kun san sauran," in ji ta.

Ba ta dunƙule hannu ba, ba ta ce ta koma ga mai ita ba. Ƙanena ya tuna mata, ta yi kamar ba ta ji ba.

Ta rasu da hantsi, cikin bazara. Wankan mace mata ke yi, su ke sa mata likkafani, namiji ko ɗanta ne iyakarsa ƙofa. Baba ya miƙa wa Inna alawayyon daga bakin ƙofa, ta karɓa da hannu biyu, aka saki asabari. Na zauna a gindin rumbu ina jin ƙarar ruwa. Da ruwan ya tsaya na kasa kunne in ji yagewar alawayyo, don sabon yadin kanti ba ya yaguwa a ɓoye, har zaure ake jin sa. Na yi ta jira, ban ji ba.

Da aka ɗaga asabari Inna ce ta fara fitowa. Tun da na yi wayo ban taɓa jin ta ƙetare maganar Baba ba, ko a kan gishirin miya. Ta durƙusa a gabansa, ta ajiye alawayyon a naɗe yadda ya ba ta.

"An gama, Malam," ta ce. "Wanga bai samu wuri ba."

A bayanta Gwaggo Tabawa da sauran matan suna tsaye, ba wadda ta sunkuyar da kai. Maza suka shiga da makara suka fito. Ta gefen tabarmar da aka lulluɓa mata ana ganin ɗinkin nan layi-layi. Baba ya gani, liman ya gani, duk wanda ya taɓa yin magana ya gani. Ba wanda zai ce a kwance gawa bayan an ɗaure. Baba ya daɗe yana duban ɗinkin, sannan ya sa hannu ya ɗauki gaban makara. Na ga hawaye a gemunsa, ban san ko na me da me ba ne.

Rana ta yi zafi a ranar kamar kowace ranar bazara, waɗanda suka je maƙabarta ba su ce sun ga wata inuwa ba. Alawayyon kuwa Baba ya saka shi a adudun Iya, ya yi shekaru a nan, shi aka sa masa.

Tun daga nan na ga majigi iri-iri, a bangon makaranta, a farin yadi tsakanin sanduna, har a jikin babbar mota. Jikokina yanzu suna da akwatin da ba ya bukatar shimfiɗa ko kaɗan, shi ne fitila shi ne bango. Da ina yarinya na ɗauka tatsuniyar Iya abu ɗaya take faɗi, cewa inuwa ba ta ɓata zane, na kuma daɗe ina jin haushin mutanen garinmu da suka kasa ganin abin da ƙaramin yaro ya gani. Sai da na yi aure na zauna ta cikin katanga ni ma, ina jiran yara su dawo su gaya mini abin da aka yi a waje, sannan na gane rabin farko kawai na riƙe. Iya ta san abin da za a ce tun kafin ta buɗe adudu, ta san kuma abin da take iya rasawa. Ko ta yi tunanin su waye za su kasance a ɗakin ranar da ba za ta iya magana ba, wannan ban sani ba. Na fi zaton fuskar Inna kawai ta gani a tsagin zana.

Inna a hannuna ta tsufa. Can ƙarshe ta rikice, takan kira ni da sunan yayarta, ta tambayi mutanen da suka daɗe da rasuwa. Amma in aka ambaci Iya sai ta gyara zama. Ba ta taɓa tayar da zancen wankan nan ba, ko na alawayyo, in wani ya tayar ma sai ta kau da kai. Abu ɗaya take faɗi, kullum shi ne.

"Ita tan nuna min teku."